Ranar da Na Goya Kawu Zuwa Wurin Damisa

A shekarar da na daina zuwa bida, wato cirani, Abijan na zauna gida noman albasa, wata dabba ta sauko mana daga dutse ta hana gari sakat har wata biyu. Garinmu yana cikin kwari, tsakanin Tamaske da Keita. Gabas fadama ce da lambuna, yamma kuwa dogon dutse ne wanda ruwan damina ya tsattsage shi ya bar kwazazzabai. Ina da shekara arba'in da ƴan kai a lokacin, ga iyali, ga moto, wato babur, guda da na sayo da gumina.

Matar maƙwabcina ce ta fara ganin ta. Da hantsi ta tafi itace gindin dutse, ta dawo ba itace, ba gatari, takalmi ƙafa ɗaya. Ta zube a ƙofar gidanmu tana haki, mata suka kewaye ta.

"Mussa ce," in ji ta, kyanwa take nufi. "Wallahi mussa ce, amma ta kai maraƙi. Wutsiyarta kamar igiyar guga."

Dariya aka yi mata, har da ni. Mijinta ya ce rana ce ta buge ta, don lokacin bazara ta kankama. Amma bayan kwana uku wani Bafillace mai kiwo ya shigo gari ya ce shi ma ya gani, kuma akuyarsa guda ta yi ɓatan dabo. Sai direban kamyon, babbar motar da ke ɗaukar albasarmu, ya ce da la'asar wata aba ta ƙetare hanya a gabansa, tsalle biyu kacal ta yi ta ɓace cikin duwatsu. Daga nan ba wanda ya ƙara dariya.

Kowa da bayaninsa. Tsofaffin mata, ciki har da mahaifiyata, suka ce ai ba abin mamaki ba ne. Dutsen nan da mai shi, Doguwa ce, aljanar da kakanni ke kai wa nono da hura a gindin wata tsohuwar tsamiya kafin a fara shuka. An daina kai mata, an sare tsamiyar, yanzu kuma ana ta farfasa mata duwatsu ana gini da su. To ta saki mussarta ta zo ta duba mu. Liman ya yi wa'azi a kan haka ranar Juma'a, ya ce a bar zancen jahiliyya. Mahaifiyata ta ce gaskiyar malam ce, amma da yamma na ga ƙaramar ƙwaryar nono ta fita daga gidanmu a lulluɓe, ban kuwa tambayi inda za ta ba.

Waɗansu suka ce mutum ne ke rikiɗa. Zargin ya faɗa kan mahaucin kasuwa, wani baƙo mai jajayen idanu da bai cika magana ba. Shi kuwa da ya ji, maimakon ya ji haushi sai abin ya yi masa daɗi. In mace ta tsaya tana ja masa rai a kan tsoka, sai ya ɗago kai ya yi ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, nan take ciniki ya faɗa. Samari kuma suka ce daga motar wani attajiri ta tsere, wai ana kai masa ita arewa. Har hoto ya riƙa yawo a salula, wato wayar hannu, wata ƙatuwar damisa a kan reshe. Kwana biyu ana kallo ana salati, kafin mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya nuna mana cewa ciyawar da ke cikin hoton shar take, itacen kuma babu irinsa a duk ƙasar Adar.

Taubashina, wanda lambunsa ke jikin nawa, shi ya fi kowa shan wuya. Yana ban ruwa ya ji motsi a bayan darni, ya hangi wani abu ja-ja. Bai tsaya tambaya ba, ya zuba da gudu ya faɗa rijiyar lambu, Allah ya sa gajera ce. Abin da ya kore shi ɗan maraƙin maƙwabci ne. Ni na ɗauke shi zuwa asibitin mishan da ke hanyar Madawa, inda wani ɗan garinmu, Kirista, abokin wasanmu tun muna yara, yake aikin jinya. Yana ɗaure masa ƙafa ya ce, "Mi yas same ka?"

"Damisa," in ji taubashina.

"Kai ne na ukku wannan wata. Wagga damisa taku akwai tausai. Ba ta cizo, ba ta yaga, sai dai targaɗe."

Har muka iso gida ina tsokanarsa, har yau kuma ban bari ba.

Wasa wasa dai abin ya fara taɓa mu. Mata suka ƙi zuwa itace, masu kiwo suka rasa inda za su kai awaki, ga aikin albasa ya taso. Maigari ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Aka yi ta magana aka yi ta magana, a ƙarshe duk idanu suka koma kan mutum guda: kawuna, yayan mahaifiyata.

Kawu shi ne maharbin da ya rage a garinmu. Ya haura saba'in, gwiwarsa ta dama ta daɗe da ƙi, bindigarsa ƙirar maƙera tana rataye ta fi shekara goma ba ta yi ƙara ba. Amma a bangon ɗakinsa akwai fatar damisa, ta tsufa har gashin ya zube a wurare. Duk wanda aka haifa a garin ya san labarinta. Kawu yana saurayi ya yi arba da ita a bakin ruwa, harbi ɗaya ya yi. A bikin suna, a zaman makoki, ko'ina ana ba da labarin, kuma na lura wasu ne ke bayarwa, shi sai dai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Mun ɗauka kunya ce irin ta manyan maza.

Maigari ya ce, "Sarkin baka, aiki ya zaka. Mi kac ce?"

Kawu ya shafa gemu, ya ce sai ya yi shiri.

Shirin nan ya ci mako biyu. Yau albarushi ya yi sanyi. Gobe ranar ba ta da kyau. Jibi gwiwa ta tashi. Har mutane suka fara ƙus-ƙus. Wata safiya ina wanke moto sai ga Kawu ya shigo, sanye da tsohuwar rigar farauta mai layu gaba da baya, tana warin hayaƙi da daɗewa a adaka, bindiga a kafaɗa.

"Kai, ɗan nan, akwai esansi cikin abin ga naka?"

"Akwai mai, Kawu."

"To tashi ka kai ni. Ƙahwata ba ta kai ni dutsi."

Na ce, "Ni, Kawu? Ni ko zabo ban taɓa halbi ba."

"Wa yac ce ka halba? Tuƙi kawai."

Matata ta leƙo daga madafa ta zaro ido. Ina neman dalilin da zan kawo sai ga matar Kawu ta biyo shi da gorar ruwa da ƙullin dabino. Tsohuwa ce ƴar firit mai kaifin baki. Ta miƙo mini kayan, ta ce, "Ka kai shi, ka maido min shi. Bindigar ko ta ɓace ba komi." Na ga ta kalle shi, shi kuma ya kau da kai. Ban gane kallon ba sai daga baya.

Haka muka ratsa gari, ni a gaba, Kawu a baya ya miƙe ƙafa ɗaya saboda gwiwa, bakin bindiga na dungurar ƙeyata duk ramin da muka faɗa. Mutane suka fito ƙofar gida suna yi mana addu'a. Mahauci ya ɗaga mana wuƙa. Taubashina, da sandarsa, ya yi mini kirari ya ce in na ga ba dama akwai rijiya a lambunsa.

Muka bar moto a inda hanya ta ƙare, muka shiga babban kwazazzabo da ƙafa, a hankali, yana dafe da kafaɗata. Muna shiga yashi sai Kawu ya zama wani mutum daban. Ya daina nishi. Idonsa na ƙasa, yana nuna mini abubuwa da bakin sanda: nan dila ya wuce, nan bushiya, wannan jan cikin damo ne. Can ya tsaya cak, ya durƙusa da ƙyar.

"Taho ka gani."

Sawu ne a kan yashi mai laushi, zagayayye, faɗinsa ya kusa tafin hannuna. Yatsu huɗu da dunduniya.

"Ka ga akaihu?"

Na ce ban ga farce ba.

"Kare da kura ba su ɓoye akaihu. Wanga na mussa ne. Mace ce, ita ɗai, kuma ba ta gaggawa. Jiya da marece tab bi nan." Ya daɗe yana kallon sawun, har ya sa yatsa ya zagaye shi. "Ashe dai da gaske ne," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Ni kam a lokacin da an ce mu juya, da na riga shi isa moto. Amma ya ci gaba, na bi shi. Muka bi sawun yana ɓacewa a kan dutse yana sake fitowa a yashi, har rana ta take tsaka. Muka sami inuwar wata aduwa muka zauna. Ya sha ruwa, ya ci dabino biyu, ya jingine bindiga nesa da shi.

Na ce, "Kawu, jawo ta kusa mana. In ta hito hwa?"

"Babu komi cikinta."

"Babu mi?"

"Ban ɗura ba. In na ɗura wagga tsohuwa, ni za ta kashe, ba damisa ba."

Na miƙe tsaye. "To mi munka zo yi?"

"Zamna. Mun zo mu gani." Ya jira har na zauna. Sannan ya ce, "Ɗan nan, ni ban taɓa kashe damisa ba."

Abin da ya faɗa mini a gindin aduwar nan ya ce in riƙe har ya bar duniya. Ya rasu shekarun baya, cikin rufin asiri, kuma matarsa ta ce in faɗa, ta gaji da riƙo ita kaɗai.

Ya ce gaskiya ne yana saurayi ya gamu da damisa a bakin ruwa, cikin wannan dutsen. Zabi yake bi, ya zagayo wani dutse, sai ga ta tana shan ruwa, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Ya ce hannunsa ya mutu, ƙafarsa ta mutu, wandonsa kuwa bai tsira ba. Ta ɗago kai ta dube shi, ta koma ta ƙarasa shan ruwanta, ta tafi abinta. Ya zauna a wurin har wando ya bushe. Bai faɗa wa kowa ba.

Bayan ƴan watanni wani Buzu abokinsa ya sauka wurinsa a daji, ya ba shi fatar damisa kyauta saboda ya taɓa yi masa jinyar raƙumi. Kawu ya shigo gari da ita a kafaɗa, ranar kasuwa. Kafin ya buɗe baki wani maroƙi ya hango shi ya fasa kirari. Mutane suka taru. A cikin taron har da mahaifin yarinyar da yake nema, wanda ya daɗe yana cewa ba zai ba ragon maharbin zabi ɗiyarsa ba. Tsohon ya matso ya kama hannunsa ya ce ya turo manya.

"To kai a wurina, mi za ka ce?" in ji Kawu.

Dariya ta kama ni har na manta inda muke. Na ce, "Inna, matarka, ta sani?"

"Ta sani tun sati na hwarko. Ta ga ɓera ya hwaɗo daga rufi na haye gado. Tac ce, 'Kai kak kashe damisa?' Nih hwaɗa mata dut. Tac ce in yi shiru, tunda ba ni niy yi ƙaryar ba, maroƙi ne." Ya girgiza kai. "Shekara hamsin tana riƙe da ni da wagga magana. Ko itace tac ce in hwasa, sai in hwasa."

Sai fara'ar ta ragu. Ya ce abin da ya fi damunsa ba ƙaryar ba ce. Tun daga ranar bai sake ganin irinta ba, kuma tsoro bai bar shi ya kalle ta da kyau ba. Ya ce yana so ya sake gani sau ɗaya, da idon dattijo.

Azahar ta yi. Muka yi taimama don ruwan gora ya yi ƙasa, ya ja mu salla a zaune saboda gwiwa. Mun sallame ke nan, ina shirin shafa addu'a, na ji ya danne mini cinya da hannu. Na bi idonsa.

A ƙetaren kwazazzabon, sama kaɗan da mu, akwai wani faffaɗan dutse da ya turo kamar rumfa. Na kalli wurin sau nawa tun da muka zauna, ban ga komai ba sai dutse. Yanzu kuwa dutsen yana da kunnuwa. Tana kwance a inuwa, ta ɗora haɓa a kan hannuwanta, launinta launin wurin sak, ja-ja mai ƙasa-ƙasa. Akwai ɗigo-ɗigo a jikinta amma ba su fito sosai ba. Wutsiyar ta sauko ta gefen dutsen, ƙarshen wutsiyar kawai ke motsi. Jifa ɗaya mai ƙarfi zai kai inda take. Allah kaɗai ya san tun yaushe take kallonmu, wataƙila duk hirar nan da ita aka yi.

Salula tana aljihuna. Ban ko tuna da ita ba. Abin da na tuna shi ne ƴaƴana, ɗaya bayan ɗaya, da kuma cewa makullin moto yana aljihun hagu.

Kawu ya gyara murya a hankali, kamar mai shiga gidan surukai, ya ce, "Sannu da hutawa."

Ta ɗaga kai. Ta yi hamma, na ga haƙora da jan harshe. Ta miƙe, ta turo hannuwa gaba ta yi miƙa, daidai yadda mussar gidanmu ke yi in ta tashi daga kan buhu. Ta dube mu sau ɗaya, ba fushi ba tsoro, ta juya ta shige wata tsaga. Wutsiyar ce ƙarshen abin da na gani.

Na waiwayo, hawaye na bin gemun Kawu, bakinsa kuma a washe.

"Ka gani?" ya ce. "Ka ga kyawo?"

Na ce, "Na gani, Kawu. Mu tahi."

"Mu tahi," in ji shi. Kuma wallahi a saukowa gwiwar nan ba ta ce uffan ba. Sau biyu ina ce masa ya jira ni.

Muna isa gari la'asar sakaliya, muka tarar da ƙofar maigari cike. Tun a hanya nake tunanin abin da zai faɗa. Ya sauka daga moto, ya koma ɗingishinsa, aka ba shi tabarma da ruwa. Ya sha, ya bar su suna jira.

"Na gane ta, ta gane ni," ya ce. "Na yi mata magana."

Wuri ya ɗauki salati. Maigari ya ce, "Ba ka halbe ta ba?"

"Ba ta halbi ba ce. Baƙuwa ce, wucewa takai. Ga abin da za a yi. Kowa ya janye awakinai daga kwazazzabon yamma har ruwa ya sauka. Mata su yi itace gabas. Kuma kar wanda ya bi ta da kare ko da bindiga. In kunka bar ta, ta bar ku."

Wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya: "Sarkin baka, ta Doguwa ce ko dabba ce?"

Kawu ya ce, "Ban tambaye ta ba."

Aka juyo kaina. Na ce duk abin da ya faɗa haka aka yi, a gabana ya gaishe ta, ta tashi ta ba mu wuri. Ban ƙara ko kalma ba, babu kuma ƙarya a ciki. Matar Kawu tana tsaye a gefe, ta karɓi gorarta ta girgiza ta ji ba ruwa, ta ce masa, "To jarumi, taho ka ci tuwo."

Aka bi maganarsa. Ba a sake rasa akuya ba. An ƙara hango ta sau biyu daga nesa, sannan ruwan farko ya sauka, kowa ya koma gona, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Labarin kuwa ya yi gaba ba tare da mu ba. Wata rana a kasuwar Tamaske ina shan shayi na ji wani yana ba da shi: wai tsohon maharbi ya kira damisar da sunanta, ta zo ta ba shi hannu, mai moton da ya kai shi kuwa ya suma sai da aka zuba masa ruwa. Na ce masa mai moton bai suma ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kana wurin?"

Cikin damina wani ma'aikacin gandun daji ya zo daga Keita, saurayi mai ladabi, da wani babban littafi mai hotunan namun daji. Ya tara duk waɗanda suka ce sun gan ta, ya ce kowa ya nuna. Matar maƙwabcina ta nuna zakanya. Bafillacen ya nuna wata siririya mai dogayen ƙafafu. Direba ya nuna damisa. Ni na juya shafi na juya, wannan ta cika zane, waccan ta cika girma, wata kunnuwan ba su ba ne. Na ce masa tana tsakanin waɗannan biyun. Ya yi murmushi, ya ce a iya saninsu irin waɗannan sun daɗe da ƙarewa a wannan yanki, amma zai rubuta abin da muka faɗa.

Aka miƙa wa Kawu littafin. Ya ɗora a cinya, ya kai fuska kusa, ya wuce shafukan mussoshin duka bai tsaya ba. Can gaba ya ci karo da wata dabba mai ƙaho a kan hanci, ya tsaya.

"Wanga hwa? Akwai shi da gaske?"

Saurayin ya ce akwai, a wata ƙasa can kudu mai nisa.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Zamna nan kusa, ka hwaɗa min sunan kowane."

Ya aika aka kawo hura. Ma'aikacin da ya zo aikin rabin sa'a bai tashi ba sai da aka kira la'asar, yana karantowa Kawu yana tambaya, mu kuma mun kewaye su muna leƙe.